Ranar da Muka Kifa Firjin Alhaji Bawa

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ban yi su ba, amma ranar da mai gidan hayarmu ya shigo ya tarar da firjinsa ƙafafu sama har yau tana nan daram a kaina. Ku da kuka zo aikin dabbobi yanzu, kuka tarar da firji mai hasken rana a kowane ofis, kuna buɗewa kuna rufewa ko bismilla babu, ku gyara zama ku ji yadda muka sha.

Bazarar farko ce bayan an yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ni a lokacin ƙaramin malamin dabbobi ne, an turo ni Wara a ƙarƙashin Malam Sahabi, wanda yake Sufuritanda. Ga wanda bai san tsarinmu ba, Sufuritanda shi ne mai sa hannu da magana da hedikwata, ƙaramin malami kuwa shi ne wanda saniya take harbi. Ba mu da ginin kanmu, kayan aikinmu ma ba su gama isowa ba, don haka aka kama mana ɗakuna biyu na gaba a gidan wani dillalin kifin banda, Alhaji Bawa. Dalilin zaɓen gidan ɗaya ne, akwai firjin kananzir a ciki, mu kuma allurar rigakafi ba ta zama sai a sanyi.

Firjin kananzir ba ya neman lantarki. Akwai 'yar fitila a ƙarƙashinsa mai tanki da lagwani da kwalba, ana kunna ta, zafinta ya riƙa kora wani ruwa a cikin bututan da ke bayansa, daga nan sanyi ya fito. Kada ku tambaye ni yadda wuta take haifar da sanyi, na yi ritaya ban gane ba. Shi kuma wannan firjin, wani Bature ne da ya yi aikin kifi a bakin babban tafkin da ke kusa da garin ya bar wa Alhaji shi da zai koma gida, Alhaji ya ɗauke shi kamar ɗan fari, har riga ya sa aka ɗinka masa ta yadin labule. Sharaɗinsa da muka shiga gidan shi ne mu zuba kananzir, mu gyara lagwani, mu buɗe mu rufe, amma in firji ya yi ciwo kada wanda ya sa masa hannu sai Tanko mai gyara na Kontagora. Wanda ya saɓa ya kwashe kayansa a ranar. Malam Sahabi da hannunsa ya rubuta wannan a takardar haya, har ya ja masa layi.

Ba mu kaɗai ne 'yan haya ba. A ɗakunan baya akwai wata tsohuwa, Inna Kulu, wadda ta yi wa Baturen nan girki shekara da shekaru. Tana sayar da zoɓo, kuma tun kafin mu zo ita ke da hawan ƙasa na firjin. Malam Sahabi ya so ya hana, ya ce doka ba ta yarda a haɗa magani da abin sha ba. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce ta ji, washegari kwalabenta suna inda suke.

Yanzu ga abin da ya sa firjin nan ya zama mini rai. Akwai wani Arɗo Bello da garkunan jama'arsa suke saukowa bakin tafki da bazara in ruwa ya ja baya. Shekarun baya wani ya taɓa yi wa shanunsu allurar ciwon huhu da maganin da ya riga ya sha zafi, shanu suka kamu duk da haka, tun daga nan Arɗo ya daina yarda da duk mai farar riga. Wata biyar ina zarya a rugarsa, na sha nono har na ƙoshi, kafin ya amince ya tara shanu wata Asabar. Amma ya ce shi da kansa zai ɗora kwalbar magani a kuncinsa. In ya ji sanyi, a yi allura. In bai ji ba, zai kora shanu ya haye Borgu, kuma kada in sake taka rugarsa. Na ce na yarda, na ba shi hannu a gaban dattawansa.

Magani ya iso daga hedikwata saura kwana ashirin. A makon ne kuma aka kawo wa Malam Sahabi sabon tebur, ya duba ɗaki ya ga ba inda ya dace da teburin Sufuritanda sai kusurwar da firji yake, kusa da taga. Na tuna masa da sharaɗin Alhaji. Ya ce matsarwa daban, gyara daban. Muka ja firji muka kai shi bakin ƙofa. Inna ta leƙo ta ce wurin nan bai yi ba, ba wanda ya tanka mata.

Bayan kwana huɗu na duba ma'aunin sanyi da safe, kamar yadda ƙa'ida ta ce a duba safe da yamma a rubuta a kati, na ga ya hau. Fitila tana ci, harshenta shuɗi tas, amma cikin firji kamar cikin akwatin tufafi. Na kwashe maganin na zuba a akwatin sanyi da 'yar ƙanƙarar da ta rage, na je na shaida wa Malam Sahabi. Muna cikin magana Inna ta shigo ɗaukar kwalabenta, ta taɓa ɗaya, ta dubi firji.

"Ku kihe shi," in ji ta. "Haka Bature ka yi mai in ya yi gardama. Kai ƙasa, ƙahwahu sama, shi kwana hakanan, a tashe shi."

Malam Sahabi ya cire tabarau ya tambaye ta ko a wane littafi aka rubuta a kifa firji. Ta ce ita ba ta karatu, gani ta yi da idonta.

"Inna, wanga aikin gwamnati na, ba tuƙin tuwo ba."

"To, Allah shi ba gwamnati sanyi," ta kwashi kwalabenta ta fita.

Ni ma, in faɗi gaskiya, dariya na yi. Na ɗauka tsufa ne.

Malam Sahabi ya buɗe sabon fayil ya rubuta a bayansa "Firji". Ya sa na buga wasiƙa kwafi uku, ɗaya ta Alhaji, ɗaya ta hedikwata, ɗaya ta fayil. Ku sani rumfar Alhaji tana tsallaken hanya ne, in ka yi tari a ofishinmu zai ce maka sannu. Amma Malam Sahabi ya ce maganar baki ba ta shiga fayil. Na tsallaka na miƙa wasiƙa. Alhaji ajami yake karantawa, ba ya boko, sai ya jujjuya ta ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Na karanta masa abin da na buga da hannuna. Ya ce in rubuta amsa cewa Tanko yana nan tafe gobe in sha Allahu. Na rubuta, ya dangwala yatsa, na tsallako na miƙa wa Malam Sahabi. Ya buga hatimin karɓa, ya karanta a natse, sannan ya kira ni ya sanar da ni cewa Alhaji ya ba da amsa, Tanko yana tafe gobe.

Haka muka yi sau biyar. Goben farko, direban da aka ba saƙo ya manta. Gobe ta biyu, Tanko ya tafi Rijau wani aiki. Ta uku, matarsa ta haihu, sai bayan suna. Alhaji mutum ne mai kunya, ba ya iya aiko da mugun labari hannu sake, kowace amsa da ƙunshin banda take zuwa. Har muka gane, in na fito daga rumfarsa da ƙunshi, Inna daga ƙofar gida za ta ce, "Tarwaɗa ta iso, Tanko bai iso ba." Ofis ya cika da warin kifi, kyanwoyin unguwa suka mayar da mu hedikwatarsu, wata ma ta haihu a bayan kabad ɗin fayil.

A kwana na bakwai Alhaji ya aiko da ƙatuwar randa da buhun yashi, ya ce a jiƙa yashin a girke randar a kai, kakanninsa ba su san firji ba kuma ba su sha ruwan zafi ba. Don kada ya ji ba daɗi na sa ma'auni a ciki. Sanyin randa na maƙogwaro ne, bai kai na allura ba. Inna ce ta ci ribar randar, ta jera zoɓonta a ciki.

Ni kuwa duk bayan kwana biyu ina kan babur zuwa Yelwa neman ƙanƙara. Akwai wani mai janareta da yake yin ta manya-manya, sai a naɗe mini a buhu da garin katako in ɗaure a baya. Ana haka azumi ya kama. Wanda bai taɓa ɗauko ƙanƙara a babur da azumin bazara ba bai san jarrabawa ba. Rana tana dukan ƙeyarka, maƙogwaro ya bushe, ga ruwan sanyi yana ɗiga a gadon bayanka yana bin wando, kai kuma ba halin ko lasa. Ina isa Wara rabin ƙanƙarar ta zama tarihi, ni kuma na zama abin kallo, yara suna cewa malamin dabbobi ya yi fitsari.

Ranar Laraba, saura kwana uku, mai ƙanƙara ya ce in yi haƙuri, duk garin Yelwa ƙanƙararsa yake jira don buɗe baki, ba zai ƙara ba ni babba ba. Da kyar da roƙo ya yanko mini guntu. Na iso Wara bayan azahar, na sa shi a akwati, na yi lissafi na ga in ya kai Juma'a da rana to ya yi ƙoƙari. Na shiga ofis na tarar Malam Sahabi yana shirin wasiƙa ta shida.

Ranar ce kaɗai na ɗaga masa murya a duk zamanmu. Na ce ranka shi daɗe, ba fayil ne ya ba Arɗo hannu ba, ni ne. In maganin nan ya mutu, shanun mutane za su haye Borgu ba allura, ni kuma na zama maƙaryaci a bakin tafki har in mutu. Na ce firjin nan dai ya riga ya ƙi aiki, kifawa ba za ta ƙara masa mutuwa ba, ni zan gwada maganar Inna, in kora ce a kore ni.

Sai ya rufe fayil, ya ɗauki kujerarsa.

"A hukumance ban ji ba, ban gani ba. Ina gindin mangwaro ina shan iska."

Inna ba ta ce ai na faɗa muku ba, ta dai ɗaure zane. Ita ta nuna mini in kashe fitila in bari ta huce, in zare tanki da kwalba, in kwashe duk hawan ciki, in ɗaure ƙofar da igiya. Muka shimfiɗa katifata a ƙasa don kada fenti ya kuje. Abin da ba mu yi shawara da shi ba shi ne nauyi. Firjin irin na da ne, ƙarfe zalla. Muka kwantar da shi lafiya, amma wajen ɗaga ƙafafun sama sai ya rinjayo kaina, na tokare shi da kafaɗa, ga azumi, Inna tana riƙe da gefe guda tana salati. Ban san lokacin da na ƙwala kiran Malam Sahabi ba. Sai ga mutumin da bai ji ba bai gani ba ya faɗo ɗaki a guje, hula ta faɗi, ya shiga ƙarƙashi da babbar rigarsa. Mu uku muka tsayar da shi a kan kansa. Muna jin ruwan ciki yana ƙugi yana gangarawa a bututu.

Malam Sahabi ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, yana haki, ya ce har yanzu dai a hukumance yana gindin mangwaro.

Alhamis da hantsi, firji yana nan ƙafafu sama da rigarsa a yafe don sutura, sai muka ji sallamar Alhaji. Kwana goma sha biyar bai tako ofis ba saboda kunya, sai ranar. Ya shigo fuska a sake, ba ƙunshin kifi, yana cewa albishirinku, ga Tanko ya iso. Sai ya yi arba da firjinsa. Ya dubi ƙafafu huɗu suna kallon rufi, ya ɗaga rigar a hankali kamar mai duba gawa, ya saki.

"Mi yay yi muku?" in ji shi. "Shekara nawa abin ga yana gidan ga ba wanda yat taɓa wulaƙanta shi. Ku kwashe kayanku."

In muka fita gidan nan, ba firji, ba ƙanƙara, ba Asabar. Na buɗe baki zan ce ni ne, sai Malam Sahabi ya miƙe ya riga ni. Ya ce shi ne babba a nan, da hannunsa a ciki, in akwai laifi nasa ne. Na daɗe ina jin haushin mutumin nan da fayilolinsa, amma a ranar na ji ƙaunarsa har cikin raina.

Duk wannan Tanko yana bakin ƙofa, wani gajere da akwatin kayan aiki ɗaure da roba. Ya raɓa Alhaji ya wuce, ya kara kunne a jikin bututu, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya sake saurare.

"Wa ya kifa shi?"

"Ni nac ce a yi," in ji Inna daga bayanmu.

"Tun yaushe?"

"Jiya bayan azahar."

"An cire tanki da kwalba?"

"Awo."

"To, ai an gama aiki."

Alhaji ya juyo ya ce kwana goma sha biyar yana aike Kontagora don a zo a ce masa an gama aiki? Tanko ya ce ranka ya daɗe, ko shi ne ya zo tun ranar farko abin da zai yi ke nan. Ruwan cikin ne yake taruwa wuri guda ya toshe hanya, sai an juya shi ya koma mazauninsa. Amma ba ya toshewa haka kawai. Ya ce a ba shi faranti da ruwa. Ya ajiye farantin a ƙasa daidai inda firjin ya yi kwanakinsa a bakin ƙofa, duk muka sunkuya muna kallo, ruwan ya tattaru gefe guda. Ya ce irin wannan firjin ba ya son karkata ko kaɗan, kuma shi ya san akwai dakali huɗu ƙanana na siminti da Bature ya zuba masa a kusurwa. Wa ya ɗauke shi daga can?

Idanu dai suka tafi kusurwa, inda sabon tebur yake, ga dakalan nan a ƙarƙashinsa. Kusan mako uku Malam Sahabi yana ɗora ƙafafunsa a kan biyu daga ciki yana yaba wa wanda ya gina gidan. Ya buɗe fayil ɗin "Firji" ya shiga karatu kamar yau ya fara ganinsa.

Alhaji ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Daga ƙarshe ya ce in firji ya tashi mu zauna, in bai tashi ba maganarsa tana nan. Da la'asar muka mayar da tebur bakin ƙofa, muka tashi firji muka ɗora shi a kan dakalansa, Tanko ya goge bututun hayaƙi, ya datse lagwani, ya ce a bar shi ya huta sai asuba a kunna. Akwatin kayan aikinsa ko robar bai kwance ba.

Juma'a na kunna fitila bayan sallar asuba. Na duba ma'auni ya fi sau ashirin, har Inna ta kore ni ta ce in ina buɗe shi haka ko na Bature sabo ba zai yi sanyi ba. Muka tafi masallaci, ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba. Da muka dawo na buɗe akwatin sanyi, guntun ƙanƙarar Yelwa ya koma kamar ragowar sabulu. Na buɗe firji, sai wani sanyi ya bugi fuskata, ruwan da na zuba a tire ya fara yin fata. Alhaji ya tura hannu ciki har gwiwar hannu, ya daɗe bai fitar ba, sannan ya ce shi dama ya san firjinsa ba ya ba da kunya.

Asabar da sassafe muka isa bakin tafki, shanu sun cika fili har ƙarshen gani. Arɗo Bello ya zo da sandarsa a kafaɗa, bai ko amsa gaisuwa sosai ba. Na buɗe akwati na zaro kwalba ɗaya na miƙa masa. Ya ɗora ta a kunci, ya lumshe ido. Ya mayar da ita ɗaya kuncin, sannan ya miƙo mini.

"Da sanyi, malam," ya ce, ya juya ya ɗaga sanda a kawo garken farko.

Mun yi allura har rana ta take, saniya ta harbe ni sau biyu, ban taɓa jin daɗin harbi irin na ranar ba.

Bayan sati Alhaji ya sa aka gyara takardar haya, aka rubuta kada wanda ya taɓa firji sai Tanko ko Inna Kulu. Malam Sahabi kuwa ya rubuta rahoto zuwa hedikwata cewa bayan wasiƙu biyar mai gida ya kawo ƙwararren mai gyara, an shawo kan matsala. Na ce ranka shi daɗe, Inna fa? Ya ce ba ma'aikaciya ba ce, babu gurbin da za a sa ta.

Abin da na koya ke nan, kuma na yi aiki da shi har na ajiye allura. Duk inda aka tura ni, kafin in buɗe fayil sai na nemi wanda ya fi daɗewa da zama da abin, ko mai shara ne ko mai girki, in tambaye shi, in kuma saurara. Mu da takardunmu muka yi kwana goma sha biyar muna jiran amsar da aka ba mu kyauta tun safiyar farko, muka yi mata dariya. Fayil ɗin nan in bai ruɓe ba yana nan wani kabad, da sunan Tanko, da na Alhaji, da na Malam Sahabi, da nawa. Wadda ta ceci shanun bakin tafki a bazarar nan ba ta ciki, shi ya sa duk inda na ba da labarin nake faɗin sunanta sau biyu. Inna Kulu. Inna Kulu, Allah ya jiƙanta.